Cin gashin kai a ƙasar Sin: kujera ta ɗan ƙabila, makulli na jam'iyya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe takardar kuɗin ƙasar Sin ta yuwan 100, wato jar nan mai hoton Mao, idan ya juya bayanta ya dubi kusurwar sama ta hannun dama, zai ga waɗansu ƙananan rubuce-rubuce iri-iri a jere. Ɗaya daga cikinsu da haruffan Larabci aka yi shi, har mutum ya ɗauka ajamin nan ne da muka saba gani a jikin naira. To harshen Uygur ne, wata al'ummar Musulmi da ke zaune can yammacin ƙasar. Sauran kuwa na Mongol ne, wanda ake rubutawa daga sama zuwa ƙasa, da na Tibet, da kuma na ƙabilar Juwang. Dukkansu abu guda suke faɗa, wato sunan babban bankin ƙasar.

Waɗannan ƙabilu huɗu, tare da ta biyar mai suna Hui, kowacce an yanka mata jiha sukutum wadda ake kira jiha mai cin gashin kanta. Wani mai karatu zai ce, to mu da ke Konni ko Ɗan Isa ko Maigatari me ya haɗa mu da wannan batu? Abin da ya haɗa mu yana nan jibge a rumfunanmu. Audugar da ake saƙa atamfar Sin da ita, da tumatirin gwangwanin da ake saukewa kwali-kwali, yawancinsu daga ɗaya cikin jihohin nan suke fitowa. Haka nan masu dafa abincin halal da alhazanmu ke ci idan sun sauka Gwanzu ko Yiwu, akasarinsu mutanen waɗannan ƙabilu ne. Ya kamata ke nan mu san yadda ake mulkinsu, da kuma abin da ya sauya a ƴan shekarun nan.

Ƙabilu 56, jihohi biyar

Bisa ƙidayar shekarar 2020, mutanen ƙasar Sin sun kai biliyan 1 da miliyan 410. Kashi 91 cikin ɗari ƴan ƙabilar Han ne, waɗanda su ne muke nufi idan muka ce Sinawa. Ragowar, kusan mutum miliyan 125, sun kasu zuwa ƙananan ƙabilu 55 da gwamnati ta amince da su. Mun ce waɗanda gwamnati ta amince da su, domin a lokacin ƙidayar 1953 sama da al'ummu 400 ne suka nemi a rubuta sunansu, sai hukuma ta tura masana suka yi ta haɗe wannan da wancan, ba a rufe lissafi ba sai 1979. Har yau ƙabilar mutum a rubuce take a jikin katinsa na ɗan ƙasa.

Mongoliya ta Gida ce aka fara kafawa, a watan Mayu na 1947, tun ma kafin ƴan Kwaminis su kama mulkin ƙasar baki ɗaya a 1949. Sai Shinjiyan ta ƴan Uygur, wadda a takardun kaya ake rubuta sunanta Xinjiang, a watan Oktoba na 1955. A 1958 aka kafa Gwangshi ta ƴan Juwang da Ningshiya ta ƴan Hui, sannan Tibet ta zo ƙarshe a 1965. A ƙarƙashin waɗannan akwai manyan yankuna 30 da gundumomi 120 da su ma ke ɗauke da sunan cin gashin kai. Idan aka haɗa su duka, sun cinye kusan kashi 64 cikin ɗari na faɗin ƙasar. Shinjiyan kaɗai ta kai murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 660, ke nan ta fi Nijar girma, kuma tana da iyaka da ƙasashe takwas, ciki har da Rasha da Kazakistan da Pakistan da Afganistan da Indiya.

A nan ne gizo ke saƙa. Mutanen da ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba su ne ke zaune a kan fiye da rabin ƙasar, kuma a ƙasarsu ne iyakoki suke, da man fetur, da iskar gas, da kwal, da mafarin manyan koguna. Duk mai mulki a Bejin dole ya san yadda zai riƙe su.

Da farko dai ƴan Kwaminis sun yi musu babban alkawari. A tsarin mulkin da suka rubuta a 1931, lokacin suna ƴan tawaye a daji, sun amince cewa ƙananan ƙabilu na da ikon ɓallewa su kafa ƙasarsu, kamar yadda yake rubuce a dokar Tarayyar Sobiyet. Amma da mulki ya zo hannu a 1949 sai aka janye wannan magana, aka ce ƙasa ɗaya ce ba ta rabuwa, abin da za a ba ƙabilu shi ne ikon tafiyar da harkokin cikin gidansu. Firaminista Zhou Enlai ya kawo hujja a 1957 cewa ƙabilun Sin a cakuɗe suke zaune, ba kamar na Sobiyet ba. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, kowace jamhuriya ta kama gabanta bisa iyakar ƙabila, shugabannin Bejin sun ɗauki abin a matsayin gargaɗi, kuma har yau ba su manta da shi ba.

Abin da doka ta bayar

Idan aka karanta dokar cin gashin kai ta 1984, wadda aka yi wa gyara a 2001, za a ga abubuwa masu daɗin ji. Shugaban gwamnatin jiha dole ne ya zama ɗan ƙabilar da jihar ke ɗauke da sunanta. Ana iya amfani da harshen ƙabilar a ofis da kotu da makaranta. Jihar na da ikon tsara kuɗin shigarta. Har ma an ce idan umarni ya zo daga sama wanda bai dace da halin wurin ba, hukumar jihar na iya sassauta shi ko ta dakatar da shi, muddin na sama sun yarda.

Kuma gaskiya ita ce an ci moriyar wani ɓangare na wannan doka, musamman a shekarun 1980. A lokacin da dokar ƙasa ta ce namiji ba zai yi aure ba sai ya kai shekara 22, mace kuma 20, an rage wa ƙananan ƙabilu na Shinjiyan da Tibet da Ningshiya zuwa 20 da 18. Lokacin da aka tsuke Sinawan birni ga haihuwar ɗa guda, daga 1980 zuwa 2015, an bar ƙananan ƙabilu su haifi biyu, a karkara har uku. An riƙa ƙara wa ƴaƴansu maki a jarrabawar shiga jami'a. An buɗe gidajen rediyo da jaridu da makarantu cikin harsunansu, an sake gina dubban masallatan da aka rushe a zamanin juyin al'adu na Mao. A Ningshiya da Shinjiyan ana ba da hutun aiki na sallar azumi da ta layya, abin da ba a yi a Bejin ko Shanghai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai ƙasashe da yawa a duniya da ba su yi wa marasa rinjayensu ko rabin haka ba.

To amma mai karatu ya lura da kalmar nan, muddin na sama sun yarda. Doka ta ba kowace jiha ikon rubuta babbar dokarta ta cin gashin kai, sai dai ba za ta fara aiki ba sai zaunannen kwamitin majalisar ƙasa da ke Bejin ya sa hannu. Sama da shekara 40 ke nan da kafa dokar, amma babu ko ɗaya daga cikin jihohi biyar ɗin da ta samu wannan sa hannu. Gwangshi, wadda ba a san ta da wata tawaye ba, ta yi ta rubuta daftari bayan daftari, duk ba su kai labari ba.

Sarki da Razdan

Dattawanmu da suka ga zamanin Turawa ba za su sha wahalar gane wannan tsari ba. Sarki yana nan da rawaninsa da dogarai da alkalai, shi ake yi wa bushe-bushe ranar salla, amma kowa ya san cewa magana ta ƙarshe tana gidan Razdan, ko gidan kumandan a wannan ɓangare namu. A ƙasar Sin kowane lardi yana da shugabanni biyu, shugaban gwamnati da sakataren Jam'iyyar Kwaminis, kuma sakataren ne gaba. Shi ke da ta cewa kan naɗe-naɗe da tsaro da manyan manufofi. Dokar cin gashin kai ta yi maganar ƙabilar shugaban gwamnati, amma ba ta ce uffan ba game da ƙabilar sakatare.

Sakamakon haka, tun da aka kafa jihar Tibet ba a taɓa naɗa ɗan Tibet sakataren jam'iyya ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe kujerar shi ne Hu Jintao, daga 1988 zuwa 1992, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A Shinjiyan, ɗan Uygur guda ne tak ya taɓa riƙe ta, wato Saifuddin Azizi, a shekarun 1970. A Mongoliya ta Gida, Ulanhu, wanda shi ne uban kafa jihar, ya haɗa kujerun biyu har zuwa 1966 lokacin da aka tsige shi, kuma abin da ya biyo baya bala'i ne: an zargi ƴan Mongol da kafa jam'iyyar ɓoye ta masu neman ɓallewa, kuma alƙaluman da gwamnati da kanta ta bayar daga baya sun nuna cewa sama da mutum 16,000 ne suka mutu a wannan farauta.

Sai kuma maganar yawan jama'a, wadda a ganinmu ta fi kowace doka nauyi. A Mongoliya ta Gida, ƴan Mongol ba su kai kashi 18 cikin ɗari ba a ƙidayar 2020, ƴan Han kuwa sun kusa kashi 79. A Gwangshi ƴan Juwang kashi 31 ne, a Ningshiya ƴan Hui kusan kashi 35. A Tibet ne kawai masu sunan jiha ke da babban rinjaye, kashi 86, sai dai fiye da rabin ƴan Tibet na ƙasar Sin a wajen jihar suke zaune, a lardunan da ke maƙwabtaka da ita. A Shinjiyan kuwa, a 1953 ƴan Han kusan kashi 6 ne kawai, ƴan Uygur kuma kusan kashi 75. A 2020, cikin mutum kusan miliyan 26, ƴan Uygur miliyan 11 da dubu 600 ne, ƴan Han miliyan 10 da dubu 900. Saura ƙiris su yi kunnen doki.

Ba haka kawai abin ya faru ba. A 1954 aka kafa wata runduna da Sinawa ke kira Bingtuan, daga tsofaffin sojoji da aka sallama aka ba su gonaki a Shinjiyan. An rushe ta a 1975, aka maido da ita a 1981. Yau tana da mutane fiye da miliyan 3, galibinsu ƴan Han, tana da biranenta irin su Shihezi, da kotunanta da gidajen yarinta da jami'o'inta da manyan kamfanonin auduga da tumatir. Ke nan a cikin jihar da aka ce ta ƴan Uygur ce akwai wata hukuma mai zaman kanta wadda shugaban gwamnatin jihar ba shi da iko a kanta. Bugu da ƙari, tun kafin a kafa jihar, a 1954 an riga an yanka manyan yankuna biyar daga cikinta an ba Kazak da Kirgiz da Hui da Mongol. Yankin Bayingolin, wanda ya fi kowanne girma kuma a nan ne hedikwatar aikin man fetur na Tarim take, sunan Mongol yake ɗauke da shi, alhali su ƴan tsiraru ne a wurin.

Ko agogo ma bai tsira ba. Ƙasar Sin duk faɗinta lokaci guda take bi, na Bejin, amma ƴan Uygur da yawa suna saita agogonsu baya da awa biyu domin ya dace da fitowar rana a wurinsu. Wanda ya yi alkawari da mutum a Kashgar sai ya tambaya, ƙarfe tara na wane lokaci.

Yadda iska ta juya

Idan dai ba a manta ba, a watan Maris na 2008 an yi tarzoma a Lasa, babban birnin Tibet. A ranar 5 ga Yuli 2009 kuma rikici ya ɓarke a Urumci, babban birnin Shinjiyan, bayan da aka kashe ma'aikata ƴan Uygur a wata masana'anta a lardin Gwandon, wato lardin da Gwanzu take. Gwamnati ta ce mutum 197 suka mutu, yawancinsu ƴan Han, kuma an katse intanet a jihar kusan wata goma. A watan Maris na 2014 waɗansu mahara da wuƙaƙe suka kashe mutum 31 a tashar jirgin ƙasa ta Kunming. Waɗannan hare-hare sun faru, an kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kuma babu mai hankalin da zai goyi bayan irin wannan aika-aika.

Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne maganin da aka ɗauko. A 2016 aka ɗauke Chen Quanguo daga Tibet aka kai shi Shinjiyan a matsayin sakataren jam'iyya. A 2017 aka kafa dokar da ta hana rufe fuska da niƙabi da kuma barin gemun da hukuma ta ga ya wuce misali, aka karɓe fasfo na jama'a, aka soma tsare mutane a manyan sansanoni ba tare da kai su gaban alƙali ba. A watan Agusta na 2018 aka faɗa a zaman wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya cewa akwai sahihan rahotannin da ke nuna adadin na iya kai mutum miliyan 1. Bejin ta fara musantawa, daga baya ta ce makarantu ne na koyon sana'a da yaƙi da tsattsauran ra'ayi, kuma a watan Disamba na 2019 ta ce duk ɗaliban sun kammala. A ranar 31 ga Agusta 2022, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar, ƙarƙashin Michelle Bachelet, ya fitar da rahoto cewa abin da aka yi na iya zama laifin cin zarafin bil Adama. Sin ta yi watsi da rahoton, ta ce ƙagen ƙasashen yamma ne. Amma akwai adadi guda da ya fito daga littafin gwamnati da kanta: yawan haihuwa a Shinjiyan ya faɗi da kusan rabi tsakanin 2017 da 2019.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne waɗanda abin ya rutsa da su har da mutanen gwamnati. Ilham Tohti, malamin tattalin arziki a wata jami'ar Bejin, wanda babban kiransa shi ne a aiwatar da dokar cin gashin kai kamar yadda aka rubuta ta, an yanke masa ɗaurin rai da rai a 2014 bisa zargin neman raba ƙasa. Sattar Sawut, tsohon shugaban hukumar ilimi ta jihar, an sanar a 2021 cewa an yanke masa hukuncin kisa da jinkirin shekara biyu saboda littattafan makaranta na harshen Uygur, waɗanda aka yi shekaru ana karantarwa da su da izinin hukuma.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya kan masu tayar da ƙayar baya. Mongoliya ta Gida an daɗe ana buga misali da ita wajen zaman lafiya, amma a ƙarshen watan Agusta na 2020 aka ba da umarni cewa darussa uku, harshe da tarihi da siyasa, za a koma koyar da su da Sinanci a makarantun Mongol. Iyaye suka hana ƴaƴansu zuwa makaranta, aka kama mutane, aka sauke ma'aikata, umarni ya tabbata. Ƴan Hui kuwa Sinanci ne harshensu, addini ne kawai ya bambanta su da ƴan Han, har gwamnati kan yi ado da su gaban Larabawa, shi ya sa ma tun 2013 ake gudanar da bajekolin Sin da ƙasashen Larabawa a Yincuwan, babban birnin Ningshiya. Duk da haka a watan Agusta na 2018 sai da jama'a suka yi zaman dirshan a babban masallacin Weizhou don hana a rushe shi. Ba a rushe ba, amma daga baya an sauke ƙubbobinsa an yi masa rufi irin na Sinawa, kuma haka aka bi masallatai da dama a ƙasar. A 2019 aka umarci masu gidajen abinci a Bejin su cire rubutun Larabci daga allunansu.

Manufar da Shugaba Xi Jinping ke nanatawa ita ce a cusa wa kowa jin cewa al'ummar Sin guda ce. A watan Disamba na 2020, karo na farko tun 1954, aka naɗa ɗan Han, Chen Xiaojiang, shugaban hukumar kula da harkokin ƙabilu ta ƙasa, kuma shi ne aka tura Shinjiyan a matsayin sakataren jam'iyya a watan Yuli na 2025. A shekarar ta 2025 Xi da kansa ya je Lasa bikin cika shekara 60 da kafa jihar, ya je Urumci bikin shekara 70. An yi rawa da kayan gargajiya, sunan cin gashin kai yana nan a kan kowane allo.

Hujjar Bejin dai ita ce ci gaba da tsaro, kuma tana da abin nunawa. Jirgin ƙasa ya isa Lasa a 2006, mai saurin gudu ya isa Urumci a 2014, an kai wuta da hanyoyi ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, kuma an daɗe ba a ji labarin wani babban hari ba. Masu suka kuma na tambaya, gas ɗin da bututu ke ɗauka daga Tarim zuwa Shanghai tun 2004, wa ya yanke farashinsa, kuma manyan ayyukan da aka samar wa ya same su? Gwamnatocinmu sun riga sun zaɓi ɓangare. A watan Oktoba na 2022, da aka nemi majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta tattauna rahoton nan kawai, an kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 a kan 17. Kamaru da Senegal da Sudan da Muritaniya da Kodebuwa na cikin waɗanda suka ce kada a tattauna, Somaliya ce kaɗai daga Afirka ta ce a tattauna. Kowa ya san wanda ke gina mana gadoji da matatun mai, bakin da ya ci kuwa shi ke godiya.

Bakin iyaka da bakin kasuwa

Akwai fanni guda da ya kamata ƴan kasuwarmu su duba da kyau, domin sana'arsu ce. Huɗu daga cikin jihohin nan a bakin iyaka suke, kuma Bejin ta mayar da iyakokin kasuwa. A Gwangshi, garuruwan Pingshiyan da Donshin sun rayu ne da cinikin Biyetnam, kuma tun 2008 mazaunin bakin iyaka na da izinin shigo da kayan da bai wuce yuwan 8,000 ba a kowace rana ba tare da biyan kuɗin duwan ba. A Horgos, tsakanin Shinjiyan da Kazakistan, an buɗe wata kasuwa a 2012 wadda ta ratsa iyakar ƙasashen biyu, mutum ya shiga ta kowane ɓangare ya yi sayayyarsa ba tare da biza ba. Manjuli da Erenhot a Mongoliya ta Gida su ne manyan ƙofofin jirgin ƙasa zuwa Rasha da Mongoliya. Wanda ya taɓa kwana uku a bakin shingen duwan da buhunan wake zai yi sha'awar irin wannan tsari. Sai dai shi ma daga Bejin aka yanke shi, kuma Bejin ce ke buɗewa da rufewa, kamar yadda aka gani a lokacin annobar korona da aka garƙame waɗannan ƙofofi wata da watanni.

Game da kayan da ke iso mu kuwa, Shinjiyan ce ke noma kusan kashi 90 cikin ɗari na audugar Sin, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na audugar duniya, kuma mafi yawan tumatirin da Sin ke niƙawa ta fitar waje a can ake noma shi. A watan Janairu na 2021 Amurka ta hana shigar audugar jihar da tumatirinta bisa zargin aikin tilas, kuma daga watan Yuni na 2022 dokarta ta ɗauki duk wani kaya da ya fito daga can a matsayin na aikin tilas har sai mai shi ya kawo hujjar akasin haka. Sin ta musanta zargin. Wannan doka ba ta hau kan mai sayar da atamfa a Maraɗi ko Kantin Kwari ba, amma ta shafi duk mai ɗinka kaya da yadin Sin da niyyar aikawa Amurka, domin ana iya tsare masa kaya a tashar jirgin ruwa a nemi ya nuna inda zaren ya fito.

Ga masu tafiya kuma, tun da an cire rubutun Larabci a wurare da dama, mai neman abincin halal sai ya koyi kalmar Sinanci, cinjen, da kamannin haruffanta guda biyu, waɗanda galibi akan rubuta a kan koren allo. Masu shagunan taliyar hannu da ke ko'ina a Gwanzu yawancinsu Musulmi ne ƴan Hui da Salar daga arewa maso yamma, kuma da yawa daga cikin tafintocin Larabci na kasuwar Yiwu daga Ningshiya suka fito. Ranar Juma'a akan haɗu da su a masallacin Huaisheng, ko a harabar kabarin da mutanen wurin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ko da yake malaman tarihi sun ce a Madina aka rufe shi. Baƙo ba ya shiga Tibet sai da takardar izini ta musamman bayan biza. Shinjiyan ba ta buƙatar irin wannan takarda, amma mutum ya shirya wa bincike a tasha da masauki.

Abu na ƙarshe, kuma muna roƙon alhazanmu su riƙe shi da kyau. A 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa jerin ƙasashe 26 da hukumomin Shinjiyan suka ɗauka masu haɗari, inda zuwa can ko yin hulɗa da mutanen can kan iya jawo wa ɗan jihar tuhuma. Nijeriya na cikin jerin, haka ma Aljeriya da Libiya da Masar da Saudiyya. Saboda haka idan Alhaji ya zauna cin tsire a shagon ɗan Uygur, ya yi masa sallama, ya biya kuɗinsa, amma kada ya tsare shi da tambayoyin sansani ko azumi, kada ya ɗauke shi hoto, kuma kada ya matsa sai sun yi musayar lambar waya. Alhaji zai hau jirgi ya dawo gida bayan sati biyu, shi kuwa iyayensa da ƴaƴansa suna can Kashgar ko Hotan.